Shekarar da Na Kwanta a Bayan Motoci Biyu

Na san abin da ake faɗa muku game da shekarar da na sayi shuɗiyar mota. Na ji shi a bakin jikokina, na ji shi a gidan suna, har a kasuwar Jega wata ta taɓa tare ni da shi: wai Kulu ta raina motar ubanta, ta kunyata yayanta a gaban jama'a, ta sayar da gonar gado don a ce ita ma tana da mota. Gona kam na sayar, wannan gaskiya ne. Sauran kuwa ku zauna ku ji daga bakina, tunda ni na yi abin, kuma Yaya Bello, Allah ya jiƙansa, ba ya nan balle ya faɗi nasa.

Ku da kuka tashi kuka tarar da gidan nan na Aliero cike da masu karaya, kuna ɗauka haka yake tun asali. Babanmu ne ya raya shi. Ya gaji ɗori daga nasa uban, ya koya wa Yaya Bello, daga baya ya koya mini, domin ya gaji da ganin matan da ke ƙin a buɗe musu cinya ko ƙugu a gaban namiji, su yi ta ɓoyo har ƙashi ya haɗu a karkace. A zamaninsa a kan jaki ko amalanke ake kawo mai karaya daga ƙauye, wani ma a kan ƙyauren ɗaki. Baba ya ce wannan wahala ta fi karayar kanta, ya tara abin da ya samu a albasa ya sayi motar shiga daji, mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, mai giyar nan da ke jan ƙafafu huɗu, wadda direbobi ke kira taimako. Ba sai na kama sunan kamfani ba, a gida fara muke ce mata, don duk wadda aka saya fara ce. Ta tsufa ya sayi ƙanwarta. Ya rasu, Yaya Bello ya ƙara sayen irinta. Duk kuwa bakanike ɗaya ne ke duba su, Mamman na Jega, wanda tun daga nesa in ya ji kukan injin zai gaya maka abin da ke damunta. A gidanmu ba a maganar wata mota. In an ce mota, to, fara ake nufi.

Sai dai akwai abin da mazan gidan ba su sani ba game da ita, kuma ba sakaci ya jawo ba, wurin zama ne. Yaya Bello gaba yake zama kusa da direba, in namiji aka ɗauko danginsa ke riƙe shi a baya. Ni kuwa in mace ce, tare muke shiga baya, ƙafarta a kan cinyata. Bayan fara an yi shi ne don buhunan hatsi da albasa. In ka loda mata kaya sai ta kwanta ta yi laushi, in kuwa mutum biyu ne da katifa, kowane dutse da taya ta taka sai ya zo maka har haƙori.

A shekarar da nake ba ku labari mahaifinku ya riga ya rasu, na dawo gidan nan da zama, ɓangaren mata yana hannuna, Sanusi babbanku shi ke jan motar. Wajen ƙarshen damina aka aiko daga wata ruga bayan Dangamaji cewa wata mata ta faɗo daga amalanke, ƙafa ta ƙi takuwa. Sunanta Dije, doguwa, mai goyo, mai yawan kunya. Da na laluba cinyar na ji ƙashi ya rabu a karkace, bakinsa da kaifi, amma fata lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Irin wannan aikinmu ne, na yi shi ba adadi. Na jera mata karare na ɗaure daga ƙugu zuwa idon sawu, aka kwantar da ita a kan katifa a bayan fara, na rungume ƙafar, uwar mijinta ta riƙe jaririn. Na ce wa Sanusi ya tafi a hankali, kuma a hankali ya tafi, kada wani ya ɗora masa laifi. Ruwa ne ya cinye hanyar. Dije ba ta yi kuka ba, leɓe kawai take cizo, duk ramin da muka faɗa sai in ji yatsunta sun nutse a damtsena. Muna gab da hawa kwalta tayar baya ta faɗa wani rami da ciyawa ta rufe, motar ta cilla mu sama ta dire. Sai na ji ɗumi a hannuna. Na ɗaga zane, na ga ƙashi ya huda fata ya leƙo.

Dokar Baba ce, in fata ta buɗe aiki ya bar hannunmu. Na buga wa Sanusi rufin gaba na ce ya juya asibiti. Dije ta rayu, amma ta daɗe a kwance, ciwon ya yi ruwa, ƙafar ta warke gajeriya. Macen da ke ɗaukar ƙwaryar nono ta zaga ƙauyuka ta koma tafiya da sanda. Da na je duba ta bayan an sallamo ta, ita ce ma ke ba ni haƙuri.

"Inna, ba komi," ta ce. "Haka Allah ya so. Kin riƙe ni ƙwarai, na jiya."

Allah ne ya so, ban musa ba. Amma ni ce ke riƙe da ƙafar, na kuma san da wace irin karaya ta shiga motar da wace iri ta fita.

Ana cikin haka injin fara ya fara shan mai yana hayaƙi, Mamman ya ce ta gama aikinta, a nemi wata kafin damina mai zuwa. Yaya Bello ya yi magana da wani dillali a Jega, aka samo masa fara mai ɗan sauran ƙuruciya. Shi ke riƙe da asusun gida, ba ya buƙatar shawarata, amma ya kira ni zaure bayan la'asar ya gaya mini, don ya saba girmama ni a gaban yara.

"Yaya," na ce, "kahin a biya, ina son a duba wata iri."

"Wace iri kuma?"

"Wadda na shiga ran da munka tahi ta'aziyya Maiyama. Ta wani kamfani ce daban. Rufaffiya, kujerun baya na kwantawa. Burji munka bi tahiya da dawowa, na sauka bayana bai yi ciwo ba."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"Kulu, motar ga Baba ya zaɓe ta. Ta taɓa barin mu cikin daji?"

"Ba ta taɓa ba."

"To mi kike nema?"

"Wadda ba ta ƙara ma mai karaya karaya."

"Ramin hanya ya yi ma ɗiyar Fulani abin da anka yi mata. Ki kai ƙara ga masu gyaran hanya."

Ya tashi ya shiga masallaci. Ni kuma washegari na sa Sanusi ya kai ni Jega, garejin Mamman, domin ba na son in yi gardama a kan abin da ban sani ba. Na same shi ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu da tsumma, ya sa aka kawo mini benci. Na ce ya gaya mini gaskiya a kan motocin biyu kamar yadda zai gaya wa Baba. Mamman mutum ne mai gaskiya, ya kuwa faɗa. Ya ja ni ya nuna mini ƙarƙashin wata fara da ke wurin, ya ce in duba ƙarafan da aka jera bisa juna kamar ganye, su ke ɗauke da bayanta. Ba sa gajiya, in ɗaya ya karye ko maƙerin ƙauye ya iya ɗaure shi a iso gida, amma tausayi kam ba su da shi. Ya ce ita waccan a kan murɗaɗɗun ƙarafa take zaune, masu lanƙwasa su miƙe, shi ya sa na ji daɗin zama. Sai ya fara lissafa mini aibinta. Cikinta ya fi kusa da ƙasa. Ta fi nauyi, ta fi shan mai. Wayoyin wuta sun yi mata yawa, in ruwa ya shiga wani wuri sai ta tsaya ba ka san dalili ba. Kayan gyaranta babu a Jega, sai Sakkwato, wani lokaci sai Kano.

"Hajiya," ya ce, "kayan fara ko ƙarƙashin teburin mai shayi kika duba kina samu. Waccan ni ban san cikinta ba, kuma na tsuhwa da koyon sabon karatu. In kin saye ta, ranar da ta tsaya kada a aiko mini. Ba hushi ba ne, ba ni son in lalata miki dukiya."

Na yi masa godiya. A hanyar dawowa na ce wa Sanusi ya tsaya wurin dillalin nan. Yana da irin waccan ɗin guda ɗaya a fili, shuɗiya, ta daɗe ba mai taya ta. Na ce masa ya ba mu su biyun yini guda mu gwada a hanyar da muke bi da marasa lafiya, man a wuyana. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin mace ta zo gwajin mota ba, amma da yake yana son rabuwa da shuɗiya ya yarda, da sharaɗin shi zai ja ɗaya.

Shawo kan Yaya Bello ya fi wuya. A ƙarshe ya yarda ya zo ne don yana da yaƙinin abin da za a gani. Muka fita da hantsi bayan an gama duba masu ɗori, kaka ta shigo, an fara dashen albasa. Hanyar da ta bi ta Jiga Birni ta gangara fadama muka ɗauka, domin tana da duk abin da ake nema: gargada, ramuka, da wani mashigi mai yashi inda ƙorama ke ratsawa. Da muka bar kwalta na ce a tsaya. Na fito da karare da tsummokin ɗauri, na zauna bakin motar na miƙe ƙafa, na ce wa Sanusi ya ɗaure ni daga ƙugu zuwa idon sawu kamar mai karayar cinya. Dillali ya riƙe baki. Sanusi direba ne, ɗori bai zauna masa a hannu ba, ya fara jera karare wani gaba wani baya. Yaya Bello yana tsaye ya juya mana baya, amma yana leƙe ta gefen ido. Can ya kasa daurewa.

"Kauce nan," ya ce wa Sanusi. "Wa ya koya maka haka? Ko wasa aka yi, a yi shi daidai."

Ya durƙusa ya ɗaure ni da kansa, a kan zane, tamau, yana huci. Hannun Yaya Bello ko cikin fushi ba ya cutarwa.

A fara na fara kwanciya, a kan katifar da muka saba. Shekara da shekaru ina zaune a bayan irin motar nan, amma ban taɓa kwanciya ba, kuma zama da kwanciya ba ɗaya ba ne. Mai zaune yana ganin rami ya shirya, ya dafa, ya ɗaga jiki. Na kwance ba ya ganin komai sai tamfol, bugun yakan zo masa ba sanarwa. Diddigena ya riƙa tashi yana dukan katifa, kararen suna cizon ƙuguna, ƙeyata na buguwa. Ƙafata lafiyayya ce, duk da haka sai da na kama ƙarfen gefe da hannu biyu. Na tuna yatsun Dije a damtsena, na ce a raina, ashe ma ta yi mini kara. Aka tsaya, aka ciccibe ni zuwa shuɗiya, aka kwantar da kujeru aka shimfiɗa katifar nan dai. Na sa aka koma baya aka sake bin wurin da muka wuce, don kada a ce hanyar ce ta bambanta. Ramukan suna nan, ina jin su, amma sai motar ta nutsa ta taso a hankali, kamar kwalekwale a gulbi. Diddigena bai bar katifa ba. Na saki hannuwana na ɗora su a ciki. Ƙura ma ba ta shigo ba.

Ina cikin jin daɗin nan muka iso mashigi. Dillali ya shiga da fara, ta ratsa yashin tana gurnani ta haye kamar ba komai. Sanusi ya saka wa shuɗiya taimako ya bi sawunta. Muna tsakiya na ji ta yi nauyi, tayoyi suka fara haƙa, sai cikinta ya zauna daram a kan yashi. Ya yi gaba, ya yi baya, sai ƙara nutsewa take. Masu dashen albasa suka bar aiki suka taru, wasu na ba da shawara, wasu na leƙen tsohuwar da ke kwance a ciki an ɗaure mata ƙafa tana cewa lafiyarta ƙalau. Aka kwance sarƙa daga bayan fara aka ɗaura, ta ja shuɗiya ta fitar da ita kamar an ja akuya. Mutane suka yi ta dariya. Yaya Bello bai yi dariya ba, ya zo ya buɗe ƙofar baya ya tsaya a kaina.

"To, kin gani da idonki. Da mai karaya ke ciki, da rana tsaka, ba kowa kusa, ya za ki yi?"

Tambaya ce ta gaskiya. Na ce ya matso kusa. A hankali na yi maganar, ba wanda ya ji sai dillali da ke tsaye bayansa, shi ne kuma ya kai ta kasuwa ya ƙara mata gishiri. Abin da na ce shi ne:

"Yaya, na gani. Ina roƙonka abu guda. Ka kwanta bayan fara mu koma gida, kamar yadda na kwanta. In mun isa ka ce a saye ta, ba ni ƙara magana."

Ya kalli ƙafar da ya ɗaure.

"Baba bai kwanta ba," ya ce, "kuma ya warkar da mutanen da sunka hi gashin kanki yawa."

Ya rufe ƙofar ya koma gaban fara ya zauna. Wannan ita ce kunyatawar da kuke ji ana faɗa, ba ƙari ba ragi.

Na yi kwanaki ina juya abin. Ban ɗauki kafewar nan da wasa ba, domin mota ta kafe da mara lafiya a daji ba ƙaramin abu ba ne. Na zaunar da Sanusi na ce ya gaya mini, cikin hanyoyin da muke bi, ina da ina ne shuɗiya za ta iya kafewa. Ya lissafo mashigai kaɗan, ya ce yawancinsu akwai zagaye, tafiya ce kawai za ta ƙaru. Ya ce in an sa mata manyan tayoyi cikinta zai ɗan ɗaga, in an rage iska kafin shiga yashi za ta fi tafiya, a riƙa kuma yawo da shebur da katakai. Na tambaye shi, to fara fa, akwai dabarar da za ta sa bayanta ya yi laushi? Ya ce sai dai a loda mata buhunan yashi, su ma sauƙin kaɗan ne, kuma ina za a kwantar da mutum? Nan na tsayar da magana. Kafewa tana da magani, ana haƙawa, ana turawa, ana jira. Ƙashin da ya huda fata ba a mayar da shi yadda yake.

Yaya Bello ya biya fara da kuɗin gida, haƙƙinsa ne. Ni ba ni da abin da zai sayi mota sai gonata ta fadama da ke hanyar Danwarai, rabona na gadon Baba. Gona ce mai albarka, albasarta ba ta ruɓa da wuri. Da yanzu taku ce, na sani, kuma na san akwai cikinku wanda har yau in ya wuce ta yakan kau da kai. Na tara ku a lokacin na gaya muku, waɗanda ke da wayo za su tuna. Wanda ya saye ta ya tambaye ni har sau biyu ko na yi shawara. Na ce na yi. Ranar da aka kawo shuɗiya aka ajiye ta a ƙofar gida kusa da fara, Yaya Bello ya fito zai tafi masallaci, ya bi ta ɗaya gefen.

Daga ranar ya daina shigowa ɓangarena. Gaisuwa ba ta yanke ba, in mun haɗu a tsakar gida zan gaishe shi ya amsa, amma zaman la'asar da muke yi muna tattauna marasa lafiya ya mutu. In na aika masa tuwo yakan ci, sai dai kwanon ya dawo ba saƙo, shi da ya saba aiko da tsokana a kan gishirin miyata. Aiki ya rabu biyu ba tare da an faɗa ba: maza a fara, mata a shuɗiya. Ya ɗauki wani direba. Mutanen gari suka samu abin magana.

Kuma duk abin da Mamman ya faɗa sai da ya faru. Ta sha mai har na rage wasu hidimomi. Ta kafe da mu a damina ba sau ɗaya ba, na sha fitowa na riƙe wa mara lafiya lema Sanusi na haƙa. A shekara ta biyu ta tsaya cik a ƙofar gida, wani ɗan ƙaramin abu na wuta ya ƙone, aka yi makonni ana nemansa, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa. A cikin makonnin nan aka aiko wata yarinya ta karye a Jiga Birni. Na je zaure da kaina na roƙi mabuɗin fara. Ya miƙo mini nan take, da ma ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi. Na tara katifu, na sa aka yi tafiyar da mai keke ke wuce mu, Allah ya kawo mu lafiya. Bayan nan na tura Sanusi Sakkwato ya zauna wurin masu gyaran irinta har ya san cikinta. Ban taɓa cewa da na sani ba. Tun da na fara ɗauko mata a cikinta ban ƙara jin ɗumin nan a hannuna ba, kuma matan ƙauye da kansu suka fara aikowa suna cewa a zo musu da shuɗiya.

Kada wani ya ce muku Yaya Bello ya sauko daga ra'ayinsa. Har ya koma ga Allah yana cewa fara ta fi, kuma bai taɓa sa ƙafarsa cikin motata ba. Abin da ya faru kawai shi ne wannan. Wata safiya da rani ina tsakar gida ina haɗa man ɗori, na ji sallamarsa a bakin ƙofata, muryar da ta daɗe ba ta iso wurin ba. Bai shigo ba, ya tsaya riƙe da labule.

"Kulu, motarki na da mai?"

"Akwai, Yaya."

"Malam Isa na Maiyama ya hwaɗi wurin alwala. Ƙugu ne. Ya tsuhwa ƙwarai. Ki ce ma Sanusi ya hito."

Malam Isa abokin Baba ne, shi ya yi wa Yaya Bello karatun allo, gidansa kuma yana can cikin ƙauye bayan gari. Sanusi ya tafi da shuɗiya, Yaya ya bi shi a fara. Ni na zauna na gyara ɗakin da za a sauke shi. Wajen azahar na ji motocin sun tsaya, na yafa mayafi na leƙo. Yaya Bello ya riga ya sauko, yana ba da umarni a kawo ƙyaure, a kawo ruwan zafi, a yi sauri. Kun san shi da rashin jira, in ya ce a tashi ya riga ya kai ƙofa. Ya nufi bayan shuɗiya ya kama hannun ƙofa zai buɗe, sai ya tsaya yana kallo ta gilashi. Na matso na leƙa. Tsohon nan, da karyayyen ƙugu, bayan duk wannan tafiya, barci yake yi, baki a ɗan buɗe, tasbaha a hannu, ɗansa na zaune gefe yana yi masa fifita.

Masu ƙyaure suka iso da gudu. Yaya Bello ya ɗaga musu hannu.

"Ku aje. Kada wanda ya tashe shi."

Ya sa Sanusi ya matsar da motar inuwar dalbejiya a hankali, aka sauke gilasai. Ya jawo benci ya zauna kusa da ita, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na koma ciki na ɗebo masa ruwa a kwano na kawo. Ya karɓa ya sha, ya matsa gefe ya bar mini wuri a kan bencin. Muka zauna nan mu biyu, har Malam Isa ya farka da kansa ya tambaya ko an iso.